An zubar da jini a falona saboda kifin teku

Anti Haulatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a ta zagayo, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a cikin Daura ba tare da ta koma kunnen wani ɓangare ba. Ina rubuto miki ne da leɓe a kumbure da haƙori guda a karye, kuma wallahi ban san gwiwar hannun wa ta same ni ba, ta mijina ko ta yayana.

Mijina, Musaddiq, ya daɗe yana aiki a Jidda, a wani kamfani da ke bakin teku. A can ya ga kifaye masu launi da murjani mai rai, abin ya shiga ransa. Da ya dawo gida ya gina mana gida a filin gadonsu cikin gari, bayanmu kuwa gidan Baffana ne, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar iyayena. Katangarsa ta ƙasa ce, tun ta kakanni.

Bara ya ce zai kawo teku cikin falo. Na ɗauka wasa ne, sai ga babbar mota daga Kano da tankin gilashi wanda tsawonsa ya fi gadonmu. Sai da aka fasa taga kafin ya shiga. Aka fasa tayil aka zuba kankare don nauyin ruwa. Ya ce ruwan burtsatsenmu bai yi ba, sai an tace shi da inji, a zuba wani gishiri na musamman da ake aiko masa daga Legas. Ya jera duwatsu masu ramuka, ya bar su makonni ba kifi ko ɗaya, yana ta ɗiban ruwa a 'yar kwalba yana gwadawa. Ya ƙara sola da batir, ya sa injin sanyaya ruwan saboda zafin bazara. Ba zan yi masa ƙarya ba, Anti, da kifayen suka zo ni ma na so su. Akwai wasu 'yan ruwan lemo masu farin ratsi da nake ba su abinci da hannuna, kuma murjanin yana buɗewa kamar fure idan an kunna shuɗiyar fitila. Mata har daga wasu unguwanni suke zuwa kallo.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne inda tsohon ruwan ke tafiya. Duk mako yana rage ruwan tankin ya zuba sabo, kuma bututun da ya sa yana zubar da ruwan gishirin ne a lungun baya, daidai gindin katangar Baffa. Katangar ta fara yin fari tana ɓarɓashi, bishiyar lemon tsaminsu ta bushe. Baffa ya aiko cikin mutunci, ya sake aikowa. Musaddiq ya ce zai gyara, bai gyara ba. Da na matsa masa sai ya ce katangar ƙasa dama mai faɗuwa ce, neman wanda za a ɗora wa laifi ake yi.

Ruwan farko na damina da aka yi, katangar ta rufta. Inna Larai, matar Baffa, tana wanke-wanke a wurin, ƙasa ta danne mata ƙafa ta karye. Washegari bayan Azahar ɗansu Suhaibu, wanda muka tashi ɗaki ɗaya nake kiransa Yaya, ya shigo falona ko sallama babu, da gudumar maƙerarsu a hannu. Musaddiq yana kan kujera yana goge gilashi. Yaya ya ɗaga guduma ya sauke a tsakiyar tankin.

Ƙarar kamar taya ta fashe. Ruwa ya yi waje da ƙarfi ya kwashe ƙafafunmu, teburi ya kife, wani ɓallin gilashi ya yanke Yaya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ya saki gudumar, ya durƙusa yana riƙe da hannun, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. A nan ne mijina ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun tankin ya maka masa a ka. Ya sake ɗagawa ya sake makawa. Yaya ya rarumo shi suka faɗi cikin ruwan gishiri da gilashi da jini, kifaye na ta tsalle a kan tayil suna taka su. Na shiga tsakani ina ihu, sai na ji abu ya doki bakina na ga duhu. Maƙwabta ne suka ɓamɓare su.

An ɗinke Yaya a hannu da ka, an sallamo shi, amma jiya an ce yana amai kuma raunin kan ya kumbura. Mijina kuwa tun ranar bai zama mutum ba. Ya kwashe matattun kifayen da hannunsa yana kuka, daga baya ya farfasa min kwanukan tangaran a bango. Ya sayo adda ya ajiye bayan ƙofa. Abokan Yaya na maƙera su ma an ce sun rantse sai sun hau rufi sun ragargaza solar.

Mai unguwa ya ce a zauna ranar Juma'a, kuma ni kaɗai na ga abin da ya faru. Mijina ya tsare ni a kicin ya ce, "In kika ce ya ajiye guduma kafin in buge shi, ki haɗa kayanki." Baffa kuma bai aiko min da komai ba, amma matan gidan sun aiko cewa in ce Yaya magana ya zo yi, mijina ya far masa, gilashi ya fashe wurin kokawa, in ba haka ba in manta da wanda ya riƙe ni. Ina son mijina, bai taɓa ɗaga min hannu da gangan ba. Ina kuma jin kunyar haɗa ido da Inna a kwance. Me zan faɗa, Anti? Kuma ina zan kwana kafin ranar?

Taki cikin damuwa,
'Yar Bayan Katanga, Daura

AMSA

'Yar'uwata, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba ki lafiya. Bari mu fara da abin da ba ya jiran Juma'a.

A mayar da Suhaibu asibiti yau. Amai bayan bugu a ka ba abin jira ba ne, kuma a gaya wa likita cewa dutsen daga tankin kifin teku ya fito, don irin wannan rauni yana saurin ruɓewa. Ke ma ki je a duba bakinki.

Sannan addar nan. Kada ki yi ƙoƙarin ɗauke ta da kanki, kada kuma ki yi shiru. Ki samu babban da mijinki ke jin nauyinsa, mahaifinsa ko yayansa, ki gaya masa a yau, shi ya zo ya fitar da ita. A kuma sanar da mai unguwa rantsuwar matasan maƙera, don ya ja musu kunne tun kafin su hau rufin kowa. Kafin ranar zaman ki koma wurin surukarki ko yayar mijinki, da sanin manyansa. Kada ki je gidan Baffa yanzu, don mijinki zai ɗauka kin zaɓi gefe, wutar ta ƙaru.

Game da shaida, ki faɗi abin da idonki ya gani, duka, ba rabi ba. Suhaibu ya shigo gidan mutum da guduma ya fasa masa abin da ya ɓata shekara yana ginawa, kuma da gilashin nan ya sami wuyan wani da yanzu wata maganar ake yi. Zafin karayar mahaifiyarsa gaskiya ne, amma bai ba shi wannan dama ba. Mijinki kuma an gargaɗe shi ya yi biris har katanga ta faɗa kan dattijuwa, sannan ya bugi mutumin da ya riga ya durƙusa yana zubar da jini. Kiwon kifin teku ba laifi ba ne, zuba wa maƙwabci ruwan gishiri a gindin katanga shi ne laifi. In kika rage wa ɗaya kika ƙara wa ɗaya, wanda aka zalunta zai rama, kuma ke za a riƙa tunawa da ƙaryar.

Ki je wurin Baffa shi kaɗai kafin ranar, ki gaya masa abin da za ki faɗa. Ki lura bai aiko miki da ƙarya ba, mata ne suka aiko. Mijinki kuma a gaya masa a gaban babbansa, ba ke da shi a kicin ba. Ban san ko barazanar da ya yi miki ta fushi ce ko har zuci ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Amma auren da sai da shaidar zur zai tsaya, gobe ma wata za a nema a wurinki.

A wurin zaman ki roƙi manya su sa mijinki ya gina katangar da bulo, ya ɗauki nauyin jinyar Inna Larai, ya je da ƙafarsa ya gaishe ta. Suhaibu ya ba da haƙuri a kan ɓarnarsa, manya su yanke abin da ya hau kansa. In Musaddiq zai sake kafa tanki wata rana, ruwan da zai zubar ya tafi rufaffen rami na siminti, nesa da katangar kowa. Idan kuwa ya ƙi rabuwa da adda, ko ya ɗaga miki hannu, kada ki koma ɗakin sai manya sun tsaya miki.

Allah ya ba Inna da Suhaibu lafiya, ya sanyaya zuciyar mijinki, ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya ranar Juma'a.

Anti Haulatu