Malam, Ina Zargin Uwani Ta Sani

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan makwanci ya yalwata, ƙasa ta yi maka sauƙi. Mu muna nan Wudil lafiya, gero ya yi kyau a gonar Dagumawa. Amma ba hira ce ta kawo ni ba.

Maganar autarka Uwani ce. Yanzu a jami'ar garin nan take aikin kwamfuta. Ran Asabar na tsare ta, na ce ta gaya mini abin da take dannawa tun safe har la'asar, don ni ban ga abin da yake fitowa ba.

Ta ce wai a cikin injin akwai ma'aikata da yawa, duk lokaci ɗaya suke aiki, ba mai jiran wani. Kowa da sunan da yake kiran ma'ajiyarsa. Wani sa'in suna biyu ne amma ma'ajiyar ɗaya ce. Wannan ya zuba, wancan ya zo ya zuba a kai, aiki ya lalace, kuma kowa zai iya rantsuwa daidai ya yi. Ita abin da take haɗawa yana zaune ne a wajen tafintan da ke juya rubutu zuwa yaren inji, kamfaila ko me ta ce, yana tono sunayen da suke nuna wuri guda kafin a yi ɓarna.

Da ta ga ban gane ba, sai ta fara misali da mutum biyu masu jinyar mara lafiya ɗaya. Sai ta katse maganar. Ta koma misalin zuba gishiri a miya.

Ni ba yarinya ba ce, Malam.

Ka tuna ciwon sugarka na ƙarshe. Ni nake ba ka farar ƙwaya ta asibiti bayan ka sha koko. In na fita bakin titi suyar ƙosai, ƙanwarka Asabe ta shigo da hantsi ta ba ka tata mai jan kwali, wadda ta sayo a kemis. Na san da ita, ban hana ba, tunda sunan ƙwayar daban. Kai kuma ba ka musu. "Abin da kuka ba ni shi zan sha," haka kake cewa. Kwana tara ana haka. Sai gumi, sai makyarkyata, sai faɗuwa a zaure.

Bayan arba'in na kwashi ragowar na kai wa mai kemis, ko wani zai amfana. Ya juya kwalin, ya duba tawa, ya ce Hajiya ai magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Na ƙulle su a leda na dawo gida. Asabe hawan jini gare ta, ban gaya mata ba. Ban gaya wa kowa ba.

Ledar tana ƙasan adaka. Wa yake gyara mini adaka duk sallah? Uwani. Wa ya iya karanta ƙananan rubutun nan na jikin kwali? Duk ayyukan da ke cikin kwamfuta, me ya kai ta ga wannan? Kuma yanzu ko maganin mura ba mai ba ni sai ita. In wani ya kawo, ta karɓe ta duba bayansa.

Na tambaye ta ko abin nata yana faɗin gaskiya kullum. Ta ce amsa uku gare shi: ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, ko wataƙila. Kuma wataƙilar ta fi yawa. Na ce to me amfaninsa? Ta ce ko wataƙila aka ji da wuri, ai an tsaya an duba.

Na san kwananka ne ya ƙare, ba na ja da Allah. Amma hannuna ne ya miƙa maka ruwan, kana ce mini sannu. In da laifina, ka yafe mini. Kai ba ka da riƙo, na sani. Na yarinyar nan ne ban sani ba.

Baki ya kasa tambayarta. Gobe zan ba ta takardar nan, in ce idona ya mutu, ta kwafe mini ita a waya. Zan zauna a gabanta har ta kai ƙarshe.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya zuciyar 'yarka a kaina.

Ni ce,
Maman su Uwani.