Salatif a Takalmin Emmett

Dubrova, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Adeer Orest, sarkin washi da ya gudu ya bar mini inji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai sanin zuwan dusar ƙanƙara tun kafin rediyo. Yaya gidan tsofaffi? An ce a Kelowna ko ƙanƙarar kirki ba ku da ita. Allah ya ƙara, wa ya ce ka bi 'yarka? Ka ƙi waya, ka ce sai takarda, to ga takarda. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san makarantar allo kaɗai na yi a sansanin gudun hijira na Kakuma, bokon nawa a bayan rigunan 'yan wasan hokin ƙanƙara na tsince shi.

Injin washin takalman ƙanƙara lafiyarsa ƙalau. Ɗakin aron kayan wasa ma yana nan yadda ka kafa shi, wari ne kawai ya ƙaru. Bana yara arba'in da ɗaya suka ari kaya, sha uku 'yan unguwarmu Somaliyawa. Wata uwa ta ga kuɗin sabon takalmin ƙanƙara a kanti, dala ɗari biyar, ta tambaye ni ko da mota ake haɗawa.

Yanzu ga maganar. Emmett Lavallee, ɗan likitan haƙori, ya dawo daga birni, kuma koci ya ba shi gurbina na gefen hagu a ƙungiya. Shekara huɗu ina gurbin nan da takalmin aro, ƙafar dama ta fi ta hagu girma. Shi kuwa sandunan hoki uku ya zo da su, kowacce ta fi albashina na mako. Na ɗaga ɗaya, wallahi kamar ka ɗaga tsinken tsire. Ba kishi nake ba. Faɗa kawai nake.

Abin da ya fi ba ni haushi, har yau ba wanda ya yi masa salatif. Ka tuna makona na farko, da ka manna mini salatif marar launi a kaifin ƙarfen ƙasan takalmi, kaifin ya ƙi cizon ƙanƙara, na zube kamar buhun dankali, kai kana dariya har haƙoran roba suka faɗo? Kowane sabon ɗan ƙungiyarmu ta Diloli sai ya sha wannan ƙasa. Amma Emmett kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai, tun da aka san namiji yake so, ba mace ba. Ya kawo saurayin nasa kallon wasa, wani dogo mai gilashi, ba wanda ya ko yi tari.

Ka gaida masu ba ka magani. Ka daina ɓoye musu ƙwayoyi a cikin safa.

Naka,
Dalmar


Kelowna, 21 ga Nuwamba

Dalmar, ɗan nema,

Na samu takardarka, na gode. Gwiwa tana nan. Ma'aikatan gidan nan sun tambaye ni mene ne adeer, na ce kawu ne da bakin Somaliyawa. Yanzu duk haka suke kirana. Laifinka ne.

Na ji daɗin dawowar Emmett. Ni na koya masa tsayuwa a kan ƙanƙara, lokacin kai ba ka san ana taka ta ba, ka ɗauka a lemo kawai ake saka ta. Ka wasa masa takalmi da kyau. A aljihun teburina na ƙasa akwai ɗan dutsen washi a cikin jakar fata. Ka ba shi, ka ce in ji ni.

Maganar salatif kuwa, ka san doka. A atisaye ake yi, daga ku sai ku. Ba a yi ranar wasa.

Wanda ya ce ba kishi yake ba tun ba a tambaye shi ba, a duba shi.

Ka ci abinci, ka rame a hoton da aka aiko mini.

Orest


Dubrova, 12 ga Janairu

Adeer,

Gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, aiki ne ya yi yawa. Ba fushi nake ba.

Na ba Emmett dutsen. Shekara huɗu ina ganin jakar nan, kana cewa in na taɓa ta za ka cire mini yatsa. Na ɗauka ajiya kake yi mini. Ashe ni mai gadi ne. Ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "Dalmar, yaya ake amfani da shi?" Yaya ake amfani da shi! Na ce jiƙawa ake a kofi a sha da safe. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. Mutumin nan ko haushi bai iya ji ba, shi ya fi ƙona mini rai.

Labarin gari: Asabar ta sama kwamiti zai yi daren bakan gizo, na farko a filin nan. Marlene shugabar kwamiti ta ce don irin su Emmett su san filin nasu ne su ma. 'Yan wasa za su naɗe sandunansu da tef mai launuka, kuɗin ƙofa kuma duka na ɗakin aro ne. Na je wurin koci ni kaɗai na ce, ni dai ba zan naɗa ba, addinina bai ba ni ba, amma zan wasa takalmin kowa kamar kullum. Ya ce, "Ba wanda ya tilasta ka, Dal. Dama a benci kake." Ka ji bakin mutum.

Dwayne Penner, ɗan wasanmu, shi kuwa a tsakiyar ɗakin sauya kaya ya yi nasa. Ya jefar da tef ɗin a kwandon shara, ya ce shi hoki ya zo yi, ba kwalliya ba. Emmett yana zaune yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba.

An ce Emmett ne zai fara fitowa, shi kaɗai, a kashe fitilu a haska shi. Ni da na share filin nan sau dubu, fitilar da ta taɓa haska ni ta banɗaki ce.

Naka, mai gadin duwatsu,
Dalmar


Dubrova, 23 ga Janairu

Adeer Orest,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka bari kowa ya karanta maka.

Ni ne. Na san labari ya riga takardata zuwa wurinka, to ni ne na yi.

Da la'asar ya kawo mini takalmansa, ya ce, "Ka yi mini na musamman, malam." Na wasa su har suna aske gashin hannu. Sai na hango jakar fatar nan a aljihun rigarsa. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan salatif ba. Ƙarya nake, na sani. Har na bi gefen da reza don kada a gani. Na ce a raina ai al'ada ce, kowa ya sha, don me shi ba zai sha ba? Dokarka ta faɗo mini, na ture ta.

Adeer, ban taɓa ganin filin nan ya cika haka ba. Mutum ɗari shida. Matan coci suna sayar da farogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, matan unguwarmu suna sayar da sambusa a teburin da ke kusa, yaran ɗakin aro sun jeru da rigunan da suka fi su girma. Aka kashe fitilu, aka kira sunansa. Ya fito da gudu, sandar a sama. Taku ɗaya. Ƙafafunsa suka tafi gabas da yamma, ya faɗi a kan hannunsa, na ji ƙarar daga benci.

Na jira dariya. Kullum ana dariya. Ba wanda ya yi. Wata mata ta yi ihu, dogon saurayin nan nasa mai gilashi ya tsallake katanga da takalmin gida, shi ma ya zame. Koci ya ɗaga ƙafar Emmett, ya ɓare salatif ɗin, ya ɗaga shi a cikin hasken kowa ya gani.

Wuyan hannu ya karye. Mako shida.

Ga inda abin ya lalace. Kowa ya ce Dwayne ne. Ya rantse da kabarin uwarsa, ba wanda ya saurara. Kwamiti ya kore shi daga ƙungiya, wani ya rubuta masa zagi a jikin mota, 'yarsa ta dawo daga makaranta tana kuka. Ni kuwa koci ya ce, "Dal, gefen hagu naka ne ranar Asabar." Har ya ce in ɗauki sandar Emmett ɗaya.

Na samu abin da nake so ke nan. To me ya sa ko daɗi ban ji ba?

In na faɗa, ba wanda zai ce Dalmar mai tsokana ne ya yi kishi. Za a ce Musulmin nan da ya ƙi naɗa tef ne ya karya ɗan mutane a daren da aka ware masa. Aikina zai tafi. Yara sha ukun nan kuma, da wane ido za a dube su in sun zo aro? Dwayne dai dama bakinsa ya ja masa. Ka ce mini in yi shiru, adeer. Kai kaɗai nake jin maganarka.

Dalmar


Kelowna, 30 ga Janairu

Dalmar,

Na gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba.

Dutsen nan ba nawa ba ne. Na ƙanena ne, Myron. Ba ka taɓa jin sunansa ba, don ba na faɗa. Ya fi ni gudu, ya fi ni hannu, yana ɗan sha bakwai ya karɓe gurbina. Ni kaɗai na san irin wanda yake so, don ɗaki ɗaya muke kwana. Wata ranar atisaye na tona cewa namiji yake so a ɗakin sauya kaya, da sigar wasa. Ni ma na jira dariya, kuma ni an yi mini. Kafin ƙanƙara ta narke ya bar gari. Na samu gurbina, na buga shekara tara a cikinsa. Shi bai ƙara saka takalmin ƙanƙara ba har ya mutu a Toronto. Dutsen kaɗai ya bari a gida.

Ka ɗauka don alheri na buɗe ɗakin aro? Kowane takalmi da na ba yaro, Myron nake ba. Bai isa ba. Shi ya sa na ce a ba Emmett dutsen, ba don ya fi ka a wurina ba. Kai inji na bar maka, sakarai, da mabuɗin ɗakin. Wa ake bar wa mabuɗi?

Dwayne bakinsa ƙazami ne, amma hannunsa bai taɓa takalmin nan ba. Kada ka fake da yara. Yaran nan kai suke kallo.

Ba zan faɗa wa kowa ba. Ba zan kuma ce ka yi shiru ba. Ni na yi shirun shekara hamsin, ga ni nan ina cin miyar da ba gishiri, ina kallon bango. In gurbin ya yi maka daɗi, ka rubuto ka ba ni labari.

Orest


Dubrova, 8 ga Fabrairu

Adeer,

Gaisuwa da ban girma. Ban buga wasan Asabar ba, na ce wa koci ba zan iya ba.

Na fara da Dwayne, a garejinsa. Ya saurare ni da sifana a hannu, ina ta kallon sifanar. Ya ce, "Kai ne? Ɗan ƙaramin shaiɗan!" Ya jefe ni da tsumman mai, ya ce in ɓace kafin ya sake tunani. Daga nan na wuce kwamiti. Marlene ta tambaye ni sau uku ko saboda addini ne. Na ce, "Wallahi da saboda addini ne da na fi haka mutunci. Dutse ne da fitila." Ba ta gane ba, sai da na kwashe komai na faɗa, har da banɗaki.

Hukunci: ba ni ba ƙungiya har ƙarshen kakar wasa. Sun karɓe mabuɗin ɗakin aro, yanzu a wurin Marlene nake roƙo. Inji sun bar mini, don ba wanda ya iya shi. Iyaye biyu sun kai takalman 'ya'yansu wani gari washi. Yaranmu dai sun zo ranar Lahadi, su sha uku cif, ɗaya ya duba ƙasan takalminsa a gabana don ya ƙona mini rai.

Emmett ne na kasa tunkara. Sau biyu ina zuwa ƙofarsu ina juyowa. Na rubuta masa takarda na tura ta ƙarƙashin ƙofa kamar ɓarawo. Yau na tarar da amsa a kan injina. Ga ta nan na haɗo maka, ka karanta ka faɗa mini ko yafewa ce ko barazana.

Naka, marar mabuɗi,
Dalmar


Dalmar,

Barka da aiki. Da hannun hagu nake rubutu, ka san dalili.

Tun a asibiti na san kai ne. Dwayne ko burodi bai iya yankawa daidai ba, balle salatif.

Wata uku ina jiran a yi mini, kamar kowa. Ka zaɓi daren da ya fi kowanne muni, kuma wannan ban gama yafe maka ba.

Sanduna biyu na kai ɗakin aro. Dutsen kuwa yana wurina, za ka koya mini amfani da shi, ba da kofi ba.

Za a cire mini filasta ranar uku ga Maris. Daga ranar, ka riƙa duba ƙasan takalminka. A atisaye, daga mu sai mu. Ban ce yaushe ba.

Ka huta lafiya,
Emmett