Tatsar Yamma

Gonar Haugen, Wisconsin
Watan Afrilu

Yaya Loretta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Merle da jikoki. Yaya ƙafar taki? Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, sai ki haƙura da karatun rubutuna, don yau cike nake fam.

Kin san yadda muka saba tun da Soren ya shiga jami'a. Ranar Asabar Wendell ya gama tatsar asuba, mu faɗa akori-kura, mu je mu kalli ɗanmu yana kokawa, mu dawo kafin shanu su fara kukan tatsar yamma. Duk jami'o'in da ke rukunin gasarsu maƙwabta ne. Saboda haka ma yaron nan ya ƙi babbar makarantar da ta neme shi, ya ce shi inda ubansa zai iya zuwa ya gan shi yake so.

To, an rushe abin. Jami'arsu ta fice daga rukunin, ta koma wani na can kudu, wai a can 'yan ƙwallo suke samun kuɗin talabijin. Mutanen kudun kuwa babu ruwansu da kokawa, sai aka ce za a jingina su Soren da wani rukuni na yamma, bayan duwatsu, inda sai jirgi. Don Allah wa ya tambaye mu? Ƙatti sun zauna a ofis mai sanyi sun yayyanka ƙasa kamar cuku, sai a rediyo muka ji.

Abin da ke ci mini rai shi ne na watan jiya, ban ba ki labari ba. A gasar ƙarshe ta rukuni Soren ya kai karon ƙarshe, amma aka yi ta jan lokaci har la'asar ta yi sanyi. Wendell ya dubi agogo, ya dube ni, ya ɗauki hularsa. Na ce, "Haba Wendell, sau ɗaya dai su jira mana!" Ya ce, "Dar, hantsar saniya ba ta san gasa ba. Akwai baɗi." Ya tafi ya bar ni. Yaya, da kin ga yadda Soren ya ɗaga yaron nan ya maka shi da ƙasa! Alƙali na ɗaga hannunsa ya waiwayo wajenmu, sai ni kaɗai da kujerar da babu kowa. Kin san mazan gidan nan, sai dai su haɗiye.

Yanzu baɗin ta koma bayan duwatsu. Ki sa mu a addu'a. A gaida Merle.

Ƙanwarki,
Darlene


Watan Yuni

Yaya Loretta,

Ina fatan kuna lafiya. Na gode da biredin kirfa, Wendell ne ya cinye, ni ko ɗanɗano ban samu ba.

Zauna kafin ki karanta. Wendell zai sayar da shanu.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce ya ɗauki ɗan ƙwadago ya riƙa tatsa idan mun yi tafiya. Ya ce tun wanda ya bar wa saniyarsa Clover ciwon hantsa, babu baƙon hannun da zai sake taɓa 'yan matansa. Na ce garken nan tun na kakansa ne. Ya ce, "Gwiwoyina sun gama, madara ba ta da daraja, shi kuma yaro injiniya zai zama, ba zai dawo yana kwashe kashin shanu ba. Shekara ɗaya ta rage masa a kokawa. Ko dai in zauna da shanu, ko in ga ɗana." Na ce masa tsohon banza mai taurin kai. Ya ce ai ni na zaɓa.

Abu ɗaya na tsaya a kai, na ce ya je ya ji daga bakin masu abin tukuna. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi jami'ar. Wani mataimakin shugaban wasanni, mai haƙora farare tas kamar na talla, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Wendell ya ce masa, "Ranka ya daɗe, garke zan sayar saboda wannan. Za a yi kokawa baɗi ko ba za a yi ba?" Mutumin ya ce, "Malam Haugen, mu nan dangi ɗaya ne. Kokawa tana nan daram." Ya ba shi hannu, ya ƙara masa da hula mai tambarin sabon rukuni.

Da ya dawo na ce, ina takarda? Ya kalle ni kamar na zagi uwarsa. "Mutum ya ba ni hannu, Dar." Kin san shi, da musafaha ya sayi tarakta, da ita yake sayar da ciyawa, bai taɓa sanin akwai masu ba da hannu kamar yadda ake ba da alewa ba.

Soren bai sani ba sai da aka sa ranar gwanjo. Ya zo a fusace yana cewa, "Baba, wa ya aike ka?" Uban ya ce, "Kai dai ka kula da nauyinka, na ga ka fara tumbi." Suka yi dariya, ni na shige kicin don kada su ga idona.

A gaida kowa.

Taki,
Darlene


Watan Satumba

Yaya Loretta,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi biro.

An yi gwanjo a watan Yuli. Wendell da kansa ya riƙa jan kowace saniya zuwa mota yana faɗa wa mai saye halinta, wannan ba ta son hannu mai sanyi, waccan sai an yi mata magana. Clover ta tirje a bakin ƙofa sai da ya dafa wuyanta. Ya sayi akwatin tafiya na farko a rayuwarsa, har yana tambayar fasto ko ana barin mutum ya shiga jirgi da wuƙar aljihu.

Makon da aka koma karatu aka tara su Soren a ɗakin motsa jiki. An soke kokawa, da iyo, da wasu ƙananan wasanni. Wai kuɗin jirgi ya yi yawa, ga kuɗin shiga sabon rukuni, ga filin ƙwallo da za a faɗaɗa. Kocinsu Pruitt, ƙaton mutum, kuka ya yi a gaban yara, shi ma da safiyar ya ji. Mai fararen haƙoran kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba, an ce ya samu ƙarin girma a wata jihar. Allah ya isa, Yaya. Na faɗa a coci ma, ban janye ba.

Soren ya nemi wasu makarantu. Duk sun cike gurabensu, wadda ta yarda kuma sai ya maimaita shekara a karatu. Ya haƙura. Ya kwaso takalmansa na kokawa ya kawo gida ya rataye a bayan ƙofa.

Wendell bai zagi kowa ba, da ma ya zaga da na ji sanyi. Har yanzu da asuba yake tashi, ya je ɗakin shanu ya kunna fitila, ya wanke bututun injin tatsa da babu madara a ciki. Akwatin yana ƙarƙashin gado da ledarsa.

Ran Lahadi muna cin abinci, Soren yana nan, sai uban ya ajiye cokali ya ce, "Wannan karon na watan Maris, da wane kamu ka kayar da shi?" Soren ya ce, "Baba, akwai hotonsa a wayata, bari in nuna maka." Ya ce, "A'a. Faɗa mini da bakinka." Yaron ya fara, har ya kai inda alƙali ya ɗaga hannunsa. Wendell ya dubi agogon bango. Lokacin tatsar yamma ne daidai. Ya miƙe kamar yadda ya saba, ya ɗauki hularsa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tuna. Ya daɗe a tsaye a wurin, hannunsa a kan mariƙin ƙofa.

Ki zo mana, Yaya, ko na mako ɗaya ne. Gidan ya yi shiru da yawa, ni kaɗai ba zan iya ba.

Ƙanwarki,
Darlene