Saratu, Ki Ba da Kiwon Nan Ki Zo Gida

Zuwa ga ƙanwata Saratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da garkenki. Na rubuto inda kowa zai gani ne, saboda a waya kin iya cewa "Yaya, zan kira ki," ki kashe. Maganar ɗaya ce. Mantuwa ta fara kama Inna, tana kuma son ganinki a babbar Sallar nan, ke kuma kin ce ba za ki iya barin ƙwayoyin jijiyar da kike raino a ɗakin bincike ba.

Laifin a kaina ya sauka. Ni ce malamar kimiyya, ni na fara nuna miki fatar albasa a madubin ƙara girman abu na makarantarmu ta Ƙaura, don haka ni aka tura Zurmi in yi wa dangi bayani.

Na yi bakin ƙoƙarina. Na ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne kike shimfiɗawa a 'yan faranti, cikin wani jan ruwa mai abinci, a akwatin da ɗuminsa daidai yake da na jikin mutum. Na ce bayan 'yan kwanaki sai an zuƙe rabin ruwan an zuba sabo. In an makara su mutu, in datti ya shiga su lalace. Baffa Jauro ya saurara har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci: duk abin da ake shayarwa, ake tsarewa daga sanyi, ya kuma hana mai shi tafiya, sunansa kiwo. Ya tambayi kai nawa ne. Da na ce sun fi ƙarfin ƙirga, sai ya ce a tuntuɓi liman, ko zakka ta hau kanki.

Sai na zo inda na fi so. Na ce kina ɗauko ƙwayar cuta, ki kwashe mata sharrinta, ki ɗora mata saƙon gadon halitta, ta kai shi har cikin ƙwayar jijiya, kamar ɗan kabu-kabun da aka ba aike daga Kasuwar Daji. Ɗalibaina tafi suka yi wa wannan misali. Goggo Hanne kuwa cewa ta yi ta taɓa ba ɗan kabu-kabu man shanu zuwa Shinkafi, ƙwaryar kawai ta isa. Na ce ai ke ma ba kowane saƙo ke isar miki ba, shi ya sa kike haɗa shi da wani abu mai haske, duk ƙwayar da ta karɓa sai ta yi kore shar. Har yau Goggo tana jiran ki aiko mata da mai hasken nan, ta riƙa haɗawa da man shanunta.

Na nuna wa Inna hoton da kika turo, koraye da dogayen rassa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Waɗanga ba su ƙoshi ba. Duk ƙahwahu, babu nama." Ta ƙulla miki kanwa a leda, wai ki riƙa jiƙa musu. Tana nan a jakata, ban san me zan ce wa masu binciken kaya ba in na tashi aiko miki.

Saratu, ba na raina aikinki. Ina ɗaga hoton nan a aji, 'yan matana su miƙe tsaye don su gani. Amma kin san yadda muke yi a gida: mai tafiya maƙwabci take bar wa awakinta. Ko a can ba za ki rasa mai hannu mai tsabta ba. Ki nuna mata yadda ake canza ruwan, ki riƙe mata nata in tata tafiyar ta zo. In sun mutu zan taya ki kuka, sannan ki sake shuka wasu.

Ranar Juma'a na shiga ɗakin Inna, ta ɗago ta kira ni Saratu. Na amsa. Ta tambaye ni ko na sha hanya, na ce ba sosai ba. Ta sa aka dama mini fura da sabon nono, ta zauna tana kallona har na shanye. Ban gyara mata ba, amma ba ni aka dama wa ba. Ki zo ki amsa sunanki tun tana kiransa.

Allah ya ba Inna lafiya, ya yi wa aikinki albarka, ya kawo mana ke lafiya.

Yayarki,
Asma'u