Maganin da Goggo Take Jira

Edinbara, Maris 1996

Yaya Ubale,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da mutanen Ɗanzomo. Yaya shanu da wannan rani? Yaya jikin Goggo?

Wasiƙarka ta iso. Ka ce tun da ɓarin jikinta ya shanye Hausa ta ɓace mata, sai Fillanci kaɗan-kaɗan, kuma ka gaya mata maganinta nake karantawa. Yaya, ba haka ba ne. Ni ɓera nake sa wa siririyar waya a ƙwaƙwalwa, in saurara ta lasifika. Kowace ƙwayar jijiya ƙyas-ƙyas take yi da ɗan lantarki, duk sauti ɗaya. Saƙon yana cikin saurin bugun da tazararsa, kamar yadda mai kalangu ke kiran sunan mutum. In na shafi gashin bakin ɓeran, sai bugun ya ƙaru. Iyakar sanina ke nan, ba zai ɗaga hannun Goggo ba.

Ni lafiya lau, sai dai barci da abinci ba sa shiga sosai. Malamina ya ce in na taho gida da damina, aikin zai lalace. Ban yi masa musu ba, wannan ne ke cina. Matar da ta goye ni, ga shi matarka ce ke juya ta a shimfiɗa.

Allah ya saka muku. In ka karanta mata, ka juya da Fillanci, amma ka tsallake maganar ɓeran. Bar ta da abin da ka gaya mata.

Ƙaninka,
Yazid