Ƙanƙarar da ke Kan Rufin Baba

Zuwa ga ƙanwata Ummu Ziyad, a Sidni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki. Mu nan Dinniya sai godiya. Gwiwoyina ne dai suka ƙi ni, masallaci ma sai ranar Juma'a. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gona, itatuwan tuffa sun zama ƙirare, ni da murhu muke hira tun da Allah ya karɓi matata Ummu Munzir.

Maganar zanen nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a waya kin fi ni baki. Jikar marigayi Ustaz Nazih, wanda ya zana shi, ta sake zuwa daga Tarabulus, tana roƙon mu ba ta aronsa don bajekolin ayyukan kakanta. Na faɗa mata gado ne, rabi nawa rabi naki, kuma kin ce ba za a rataye kunyar gidanmu a bainar jama'a ba.

Kina ƙarama lokacin, bari in tuna miki. Ustaz ɗan birni ne, a gidanmu ya sauka a wani hunturu, ya cika ɗakin baƙi da warin fentin mai. Kullum da safe Baba ke fara hawa soro a unguwa, ya kwashe ƙanƙara, ya mirgina dutse ya daɓe ƙasar don kada rufi ya yi yoyo. Da Ustaz ya zana ƙauyen, sai ya bar rufin kowa da jar ƙasarsa, namu kaɗai ya lafta wa fari, wai don ya fi kyau, tukuicin masauki. Baƙo idonsa manya amma ba ya ganin gari. Bai san a wurinmu rufin da ya wuni da ƙanƙara shaida ce babu namiji a gidan ba. Inna ta ce a sha miyarta a mai da mijinta raggo, ta tura zanen bayan akwatin kaya, fuskarsa na kallon bango.

Makon jiya na sa aka ciro shi. Wallahi Ummu Ziyad, ko ƙura ba ta ci shi ba. Ga bishiyar gyaɗar dutsen nan ta ƙofar gida da aka sare, ga hayaƙi na tashi daga tanderun Inna, ga sawun alfadari ya gangara rafi. Maƙwabcinmu Abu Talal ya ji labari ya dogaro sanda ya zo, shi da rabonsa da gidan nan tun lokacin kaka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe lalacina gado ne. Na ce masa rufinsu ma ai Baba ne ke kwashe wa ubansa in ya sha barci. Muka yi dariya har tari ya sarƙe mu, ya zauna muka ci gasasshen dankali.

To kin ga, mai yi mana dariyar saura mutum ɗaya, kuma ya riga ya yi. Yaran yanzu rufin siminti suka sani. Ƙauyen da ke cikin zanen nan babu shi a ko'ina sai a jikin ƙyallen, ban ga dalilin da zai mutu tare da ni a bayan akwati ba. Na sharɗanta wa yarinyar ta rubuta a ƙasansa cewa mai gidan ya kwashe rufinsa, mai zane ne ya mayar. Ta yarda.

Za ta zo ɗauka da zarar bazara ta shigo. Rabona na bayar, kuma zane ba ya yankuwa. In har kin ƙi, ba zan karɓa ta waya ba, sai dai ki zo da ƙafarki ki tsaya a bakin ƙofa ki hana. Ɗakinki a share yake.

Ki gaishe da Abu Ziyad, da Rima da mijinta, da autarku Lujain. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki,
Abu Munzir