Na yi musun Kawuna a gaban oga saboda buhu huɗu na taki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, akwai abokan aikina a nan ciki, akwai kuma 'yan garinmu. Don Allah ku ba ni shawara tsakaninku da Allah, wanda zai zage ni ma ya zaga, na riga shi zagin kaina.

Ni mace ce 'yar ƙasar Sabon Birni, shekaruna talatin da huɗu, ina aiki da ɗaya daga cikin hukumomin da ke tsare bakin iyaka. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, mahaifiyata Inna ma tana hannuna. Wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida bayan rasuwar babanmu shi ne Kawu, yayan Inna, manomi ne kuma limamin wani ƙaramin masallaci a wajen Burkusuma. Da na samu aikin nan dangi suka yi mini ca, wai ɗiyar gidan malamai da kaki a tsakiyar maza, Kawu kaɗai ya tsaya ya ce a bar ni in yi.

Kawu yana da gonar gado a tsallake, cikin Nijar. Wanda bai san wurinmu ba zai ga abin wani iri, mu kuwa ba komai ba ne, kakanninmu suna noma gonar tun ba a ja iyakar ba. Kowace damina yana kai taki can a kan mashin ta hanyar daji kamar kowa. Da 'yan bindiga suka lalata hanyar, ni da bakina na ce masa bara ya daina bin ta, ya biyo ta shingenmu tunda ina nan. Ya biyo, na ɗaga masa hannu ya wuce, ban rubuta komai ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Farkon shekarar nan aka tura mu kwas na sati biyu. Aka koya mana kayan da gwamnati ta hana fitarwa daga ƙasa sai da takardar izini, kayan da ake aikin alheri da su amma mugu zai iya haɗa abin hallaka jama'a da su, wasu sinadarai, wasu na'urori, har da wani nau'in taki. Aka ce ƙasarmu ta yi alkawari da sauran ƙasashe kan hana yaɗuwar makaman ƙare dangi, kuma cika alkawarin yana hannun irinmu da ke tsaye cikin rana a bakin shinge. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yarda da dokar nan. Na taɓa zuwa inda motar kasuwa ta taka abin da aka binne a hanya, da hannuna na taya kwashe mutane, har yau ba na son tuna warin wurin. Don haka kada wani ya zo mini da cewa dokar banza ce, ban yarda ba.

Tun muna cikin aji na tuna da Kawu, domin takin da yake saye yana cikin jerin. Na dawo da niyyar faɗa masa. Sau uku ina zuwa gida, sau uku ina durƙusawa gabansa, mu gaisa, ya tambayi yara, ya sa mini albarka, in tashi ban faɗa ba. Kunya ce ta kama bakina, ta yaya zan dubi mutumin da ya riƙe ni in ce kada ya ƙara biyowa ta wurina. Kullum sai in ce wa kaina ai damina da saura, ruwa kuma ya sauka da wuri.

Wata Talata da hantsi manya suka zo daga hedikwata duba yadda muke aiki da sabon umarnin, cikinsu akwai wani babban oga da ba ɗan yankinmu ba ne. Ina cikin rumfa ina cika fom sai na jiyo sallamar Kawu. Mashin biyu, buhu huɗu, ko rufe su bai yi ba, har da farar rigarsa ta Juma'a ya saka saboda zai wuce ta wurin aikina. Masu fasa ƙwauri na gaske suna can cikin daji suna wucewa, shi ya taho ta tsakiyar titi yana gaida kowa. Da aka tare shi aka nemi takarda sai ya yi dariya ya ce, "Ku kiro mani ɗiyata, nan take aiki."

Oga ya juyo ya tambaye ni ko na san shi. A kwas an gaya mana jami'in da aka kama da hannu a irin waɗannan kaya ba kora kaɗai ba ce, har da kotu. Yarana na gani a idona, sai na ji bakina yana cewa, "Yallaɓai, tsofaffin wurinmu kowace yarinya ɗiya suke ce mata."

Kawu ya dube ni, bai daɗe yana kallona ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce wa oga, "Gaskiya tah hwaɗi, yallaɓai. Ban san ta ba, tsuhwa ka sa ni yawan magana."

Ina tsaye aka sa shi a bayan mota da buhunansa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare, ana tambayarsa wa yake kai wa kaya, wa ya taɓa barinsa ya wuce, bai ambaci sunana ko sau ɗaya ba. An ba da shi beli, amma gonar ba ta da takarda, gonar gado wa ya taɓa yi mata takarda, saboda haka a cikin fayil har yanzu ana zargin yana kai wa 'yan ta'adda kaya. Ni kuwa har yaba mini aka yi a ofis, wai shingenmu ya yi kamu.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne gida. Garin da kowa ya rasa wani a hannun 'yan bindiga, ka ji an ce an kama liman da kayansu, ba sai an yi bincike ba. Mutanen da ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya yi wa iyayensu sallah, su ne suka fara janye jiki daga sahu, yau biyu gobe uku, har ya ajiye limancin da kansa don kada masallaci ya watse. Inna ta ji yadda aka yi daga bakin mai mashin ɗin da ya rako shi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai ita ba ta san da wane ido za ta dubi yayanta ba, tun ranar kuma ba ta cin abincin da na dafa, sai dai ta dama fura ta sha.

An sa ranar zaman sauraron maganar Kawu Laraba mai zuwa. Wani lauya da na yi wa tambaya a kaikaice ya ce abin da zai wanke Kawu shi ne jami'in da zai tsaya ya ce ya san gonar, ya san takin na noma ne, kuma shi ya ce masa ya biyo ta titi. Jami'in nan ni ce. Idan na faɗa, na amsa da bakina cewa na bar kaya sun wuce bara, kuma na yi wa oga ƙarya a bakin aiki. Aikina ya tafi ke nan, watakila har a tsare ni, yarana da Inna kuma ba su da kowa.

Jiya na daure na je wurinsa. Na durƙusa, kuka kawai nake yi. Ya rame sosai. Ya tambaye ni ko na ci abinci, sannan ya ce, "Kak ki zo ranar zaman. In sun tambaye ki, abin da kic ce ran nan shi za ki maimaitawa. Ni nawa ya rage mani, ɗiyanki ƙanana na." Muna haka aka kira la'asar a masallacin da ya yi shekara talatin yana jan sallah, bango ɗaya ne tsakaninsu da zaurensa. Ya tashi ya yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa a zauren, ya tayar da sallah shi kaɗai, muna jin kabbarar wani limamin ta bango.

'Yan uwa, bai taɓa ba ni umarni na ƙi bi ba, kuma yanzu umarninsa shi ne in yi shiru. In bi maganarsa in riƙe aikina, ya ƙarasa kwanakinsa mutane suna nuna shi da baki? Ko in saɓa masa karo na farko a rayuwata, in tashi ranar Laraba a gaban oga in ce Kawuna ne, ni na ce masa ya biyo? Malamai da lauyoyin da ke nan ciki, da duk wanda ya taɓa riƙon maraya, don Allah ku faɗa mini wanne zan yi.